Ajin warware kata a Katsina: koyarwa ta yi, ɗaki da kaya ne da saura

A wajen Ƙofar Ƙaura, cikin wani ɗakin taro da ake haya, akwai ajin kareti da ya sha bamban da waɗanda aka saba gani a Katsina. Ba ya shirya yara don gasa, ba ya kuma ɗora ma mutum sabuwar kata, wato jeren motsin faɗa da mutum ke haddacewa ya yi shi kaɗai, duk wata don a samu a canza bel. Aikinsa a ɗauki katar da mutum ya riga ya haddace, a warware ta gaɓa-gaɓa, a gano abin da kowane motsi ke yi ma abokin faɗa, sannan a gwada a jikin wanda ba zai tsaya ba. Wannan shi 'yan kareti ke kira bunkai. Ana zama Asabar da Lahadi, daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba, wajen awa ɗaya da rabi. Koyarwar ta yi ƙwarai. Ɗakin da kayan aikin ne ba su kai ta ba, akwai kuma sashe ɗaya da muke ganin bai kamata a ci gaba da shi yadda yake ba.

Mafi yawan masu zuwa 'yan Shotokan ne, ɗaya daga cikin salon kareti, daga mai koren bel har mai baƙi. Sun iya kata biyar masu suna Heian da wata mai suna Tekki Shodan, wasu har Bassai Dai mai motsi 42 da Kanku Dai mai 65, ƙafa daidai, kai a tsaye, ihu a wurinsa. Amma ka ci kwalar ɗayansu da hagu, ka ɗaga dama kamar za ka mare shi, sai hadda ta gudu, ya koma ture-ture. Kamar almajiri ne da ya haddace littafi bango zuwa bango, ba a taɓa fassara mashi layi ɗaya ba. Laifin ba nasu ba ne. Fassarar da aka saba ba su ita ce ta ranar jarrabawar bel: mutum huɗu su kewaye mai kata, kowa ya tsaya nisan taku biyu, ya jira layinsa, ya kawo naushi ɗaya miƙaƙƙe, ya bar hannun a miƙe har a gama da shi. Ƙauraye ba haka suke faɗa ba. Wanda ya fusata a layin mai ko a tashar mota ma ba haka yake yi ba.

Yadda aka kai ga wannan sananne ne. A da, a Okinawa, tsibirin Japan da kareti ya samo asali, malami kan riƙe ɗalibai 'yan kaɗan, su shekara kan kata ɗaya ko biyu, ana nuna masu aikinta hannu da hannu. A farkon shekarun 1900 Anko Itosu ya shigar da kareti makarantun tsibirin, ya tsara kata biyar masu suna Pinan don yara su samu sauƙin ɗauka. Ɗalibinsa Gichin Funakoshi ya kai fasahar Tokiyo a 1922, daga baya ya canza sunaye: Pinan ta koma Heian, Naihanchi ta koma Tekki, Kushanku ta koma Kanku. Da aji ya zama sahu-sahu na ɗaliban jami'a, abin da ya fi sauƙin koyarwa shi ne motsi a iska bisa ƙirgen malami. Sai gasar kumite, wato karawar mutum biyu, ta zo, wadda ake yi daga nesa, a taɓa a ja baya. Riƙo da murɗiya da kayarwa suka koma gefe, aka shiga fassara kata da ma'aunin gasa. Alhali a wasiƙar da Itosu ya rubuta a 1908 ya nuna cewa manufar kareti ita ce mutum ya tsira in ɓata-gari ya tare shi, ya kuma ce a nemi bayanin kowane motsi, a san lokacin amfani da shi. Funakoshi kansa ya nuna dabarun kayarwa tara da hotuna a littafinsa na 1935. Malamin wannan aji, wanda ɗalibai ke ce ma Masta, ya san duk wannan, amma ba ya cinye lokacin atisaye da shi.

Ƙa'idojin da yake karanta kata da su ba shi ya ƙirƙiro su ba, kuma yana faɗin haka da bakinsa. Seikichi Toguchi, ɗalibin Chojun Miyagi na salon Goju-ryu, ya bayyana guda uku: kada layin da kata ke bi a ƙasa ya ruɗe ka, motsin da ake yi ana matsawa gaba hari ne, wanda ake yi ana ja da baya tsaro ne, abokin faɗa ɗaya ne, kuma a gabanka yake. Kenwa Mabuni, wanda ya kafa salon Shito-ryu, ya rubuta a 1938 cewa juyawa hagu a kata ba ta nufin daga hagu aka kawo hari, kusurwar da za ka ɗauka ce a kan mutumin da kake fuskanta. Ɗalibi na riƙe wannan, rabin abin da ke ɗaure kai a Heian ya warware. Wanda ya juya hagu ya yi gedan barai, wato share hannu zuwa ƙasa, ba wani ya hango ta wutsiyar ido ba. Zamewa ya yi daga gaban mai naushi zuwa gefensa, inda hannunsa na biyu ba zai iske shi ba sai ya juyo.

Minti 15 na farko ba tsalle-tsalle ba ne. Bayan an sassauta wuya da kafaɗa da ƙugu, sai a haɗa mutane biyu-biyu su yi kokawar riƙo, irin wadda mutanen Okinawa ke kira tegumi: zagaye uku na minti biyu-biyu, ana canza aboki kowane zagaye, babu duka. Abin nema shi ne hannunka ya shiga ta cikin nasa, ko ka dafa ƙeyarsa, ko ka zame zuwa bayan gwiwar hannunsa. Bakatsinen da ya taɓa kokawa a yashi yana yaro ba ya shan wahala a nan, hasali ma yakan riga mai baƙin bel ɗin da ya tsufa a kumite ganewa. Daga nan a yi katar ranar sau uku, ɗaya a hankali, biyu da ƙarfi, sannan a ciro gaɓa ɗaya tak, motsi biyu zuwa huɗu, a zauna kanta wajen minti 40. Wasu ɗalibai na ƙorafin ana daɗewa a wuri ɗaya. Mu a ganinmu nan ƙarfin ajin yake.

Darasin farko ga duk wanda ya shigo shi ne hikite, hannun nan da ake janyewa zuwa ƙugu duk lokacin da ɗayan ya fita. An saba gaya ma yara cewa ƙara ƙarfin naushi yake yi. To ɗan damben zamani ba ya kai hannu ƙugu, kuma naushinsa bai rasa ƙarfi ba. Wanda ya sauke hannu daga fuska a banza kuwa ƙofa ya buɗe. A nan ana koyar da cewa hannun da ke komawa ƙugu da kaya yake komawa: wuyan hannu, hannun riga, kwala, gwiwar hannu. Masta kan tsayar da ɗalibi a tsakiyar motsi ya ce mashi, "Me ka riƙo?" In ba amsa, a sake. Riƙon yana kawar da hannun da ke kare fuskar mutum, yana janyo shi cikin dukan, kuma yana gaya maka inda kansa yake ko da ƙura ta shiga idonka ko an ɗauke wuta, don wanda ya riƙe hannun mutum ya san inda wuyansa yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne ja da ƙarfin damtse kaɗai. Ƙaƙƙarfa ba zai motsa ba. Sai ka manna gwiwar hannunka da haƙarƙarinka, ka murɗa tafinka ya kalli sama, ka bar ƙugu da nauyin jiki su yi jan. Murɗawar nan da yara ke ɗauka ado ce, ita ke juya gwiwar hannunsa har kafaɗarsa ta biyo.

A Heian Shodan, mai motsi 21, akwai age uke, wato ɗaga sangalin hannu sama da goshi, uku a jere, na bakwai zuwa na tara, ana yinsu ana takawa gaba. In tare naushi ne, me zai sa mutum ya riƙa bin mai naushi yana tarewa har sau uku bai rama ba, ya kuma yi ihu a na ukun? Ga yadda ajin ke koyar da shi. An ci kwalarka da hagu, dama na shirin zuwa. Kada ka ɓata lokaci kan ɓamɓare yatsu, hannun da ya riƙe riga hannu ne da ba ya duka. Ka saki nauyinka ƙasa, ka sauke sangalin hannunka na dama a kan lanƙwasar gwiwar hannunsa. Gwiwar za ta lanƙwashe, kansa ya zo gaba, haɓa ta ɗaga. Sai ka damƙi hannun rigarsa ka ja zuwa ƙugu, ka taka da hagu, sangalin hagu ya tashi ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Gwiwar hannun da ta tashi ita ce kuma ta toshe hanyar damarsa. Inda abin ke lalacewa: in ka bugi wuyan hannu maimakon gwiwa, rigarka kawai za ta yage. In ka tsaya a miƙe ba ka zauna a ƙafa ba, babu nauyin da zai karya riƙon. In kuma ka ɗan dakata tsakanin saukewa da tashi, zai yi maka gware da goshi, don kai ka kawo kansa kusa. Ana son dukan ya tari kan yana kan hanya, bugu biyu cikin numfashi ɗaya. A atisaye ba a taɓa muƙamuƙi, a ƙirji ake ɗora hannu, ƙasa da ƙashin wuya, a tura.

Shuto uke, wato tarewa da gefen buɗaɗɗen hannu, ya fi kowane motsi shan gurguwar fassara, saboda ƙarshensa kawai ake kallo a bar shirinsa. Daga lokacin da ido ya ga motsi zuwa lokacin da hannu ya amsa akwai wajen rubu'in daƙiƙa, dukan da ya taso daga kusa kuwa ba ya buƙatar fiye da haka. Wanda zai kai hannu kunne tukuna, sannan ya dawo da shi ya tare, ya riga ya sha mari. Amma a duba shirin da kyau: hannu ɗaya ya haye gefen kunne, ɗayan ya miƙe gaba. Abin da jiki ke yi da kansa ke nan in an razana shi. An kawo maka mari da dama, zai sauka a kuncinka na hagu. Hagunka ta miƙe ta tari damtsensa tun marin bai yi ƙarfi ba, damarka ta haye ta rufe kunnen hagu, haɓa a ƙasa. Tarewar ke nan, an gama ta. Abin da ya biyo baya ramuwa ce: hagu ta naɗe hannunsa ta jawo shi ƙirji, sangalin dama ya fita zuwa gefen wuyansa. Tsayuwar kokutsu, mai kashi 70 na nauyi a ƙafar baya, ita ke ba jan ƙarfi. Ajin na matsa ma ɗalibai su tare a damtse, kusa da kafaɗa, don wanda ya tare a wuyan hannu, hannun zai lanƙwaso ta bayan nasa ya same shi a kunne. Gefen wuya wuri ne mai haɗari, jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta nan ta bi, kuma Masta ba ya wasa da wannan. A kafaɗa ake ɗora hannu, duk wanda ya kai wuya da ƙarfi sai ya zauna gefe har a tashi.

Gedan barai ba a koyar da shi a matsayin tare shuri, kuma daidai ne. Ƙashin sangalin hannu siriri ne, na ƙwauri kauri gare shi, in suka haɗu da ƙarfi an san wanda zai tsage. Ana amfani da shi a share hannun da ya tokare ka, ko a danne bayan gwiwar hannun da aka riƙe har mutum ya sunkuya. Babban juyin nan na Heian Shodan, bayan ihun farko, mai digiri 270, kayarwa ce: hannun da ya tashi a age uke ya naɗe ƙeya, ƙafar baya ta zagayo, ƙugu ya shiga, gedan barai ya sauke mutum ƙasa.

Wata biyu cur ajin ke ba Tekki Shodan, kuma nan ƙwarewar malamin ta fi fitowa. Kata ce mai motsi 29, duka a layi ɗaya, hagu da dama, cikin tsayuwar kiba, ƙafafu a ware, nauyi raba-daidai. Labarin da ake yi cewa an tsara ta don faɗa cikin kwalekwale ko a jingine da bango, ajin ya yi watsi da shi. Choki Motobu, wanda ya yi suna da gwada karetinsa a faɗan gaske, wannan katar ya fi riƙewa, da tsohon sunanta Naihanchi. Tafiya gefe na nufin kai ne ka koma gefen mutum. Gaɓar farko a iska: buɗaɗɗen hannun dama ya fita, gwiwar hannun hagu ta bugi tafinsa, dunƙule biyu su sauka ƙugu, sai gedan barai, sai gajeren naushin nan kagi zuki. A jikin mutum: tafin dama ya wuce ya tallabo ƙeya, gwiwar hannun hagu ta samu fuska, wato tafin da ake bugawa a kata yana bayan kan da aka riƙe ne. Wanda bai riƙe ƙeya ba, ture kan kawai zai yi, ƙarfin ya bi iska. Hannuwan da suka sauka ƙugu janyo kan suka yi ƙasa, ko hannunsa in kan ya kuɓuce, sannan gajeren naushin ya samu haƙarƙari ko gefen haɓa daga nisan da dogon naushi ba shi da wurin miƙewa. Sai nami gaeshi, wato ɗaga tafin ƙafa ciki da sauri a mayar. Taɗiya ce, ko bugun cikin gwiwar ƙafarsa. Sharaɗinta kada kafaɗa ta motsa, kada nauyi ya koma ƙafa ɗaya. In ka karkata, wanda kake riƙe da shi zai ji a hannunsa tun ƙafarka ba ta bar ƙasa ba, ya ture ka. Shi ya sa tsofaffin malamai ke tsananta ma ɗalibi kan kai ya tsaya cak a wannan motsin, kuma a nan ɗalibi ke jin dalilin a jikinsa.

Minti 15 na kusa da ƙarshe na ɗalibai ne. Ana ba kowane mutum biyu gaɓar da ba a warware ba tukuna, misali ɗaga hannu biyu na farkon Heian Nidan ko tsallen Heian Godan, a ce su nemo mata aiki. Sannan a titsiye abin da suka kawo. Harin da kuka fara da shi, ana yinsa a titi? Hannu biyun duk suna aiki, ko ɗaya na rataye? Tsayuwar na da dalili? In abokin ya ƙi tsayawa, zai yiwu? In kun gama, shi ya fi shiga matsala ko kunnen doki kuka yi? Patrick McCarthy, ɗan Kanada mai binciken tsohon karetin Okinawa, ya tattara nau'o'in farmaki 36 da mutane suka saba yi, irin su cin kwala, shaƙa, rungumar baya da jan gashi. Ajin ya ɗauki tunanin ya daidaita shi da gida: jan hannun kaftani, damƙar babbar riga ta baya, fizgar hijabi, finciko mutum daga kan babur. Wani lokaci ma ana cire farar rigar kareti a sa tsohon kaftani, sai ka ga riƙo ya canza, don yadin ya fi tsawo, ya fi santsi, kuma yana iya harɗe mai shi.

Tsarin na da kyau, amma a nan Masta na da sanyin hannu. Ɗalibi ya kalli wani abu a YouTube ya zo da murɗiya mai hawa shida, da danna jijiyoyin da aka ce suna sumar da mutum, sai a tafa mashi a wuce don kada gwiwarsa ta yi sanyi. Bai kamata ba. Duk abin da ke buƙatar abokin faɗa ya tsaya ya jira ka gama ya faɗi ma'aunin da ajin ya kafa da kansa, kuma a gaya ma ɗalibi haka a fili ya fi mashi amfani. Akwai kuma yawan cewa "abin da masu katar suka nufa ke nan." Bayanan da yawa da baki aka riƙa miƙa su, an kuma yi asarar rubuce-rubuce masu yawa a yaƙin Okinawa na 1945. Ya wadatar a ce wannan fassarar ta dace da motsin kuma tana aiki.

Hawa huɗu ake bi, irin tsarin da Iain Abernethy na Ingila ya yaɗa: kata kai kaɗai, sannan da aboki mai ba da haɗin kai, sannan a canza yanayi, a kawo bahago ko dogo ko a matse ka a bango, sannan a gwada da mai turjiya. Hawa na huɗun minti 10 kawai yake samu, kuma ya yi kaɗan. Zagayen gajere ne, daƙiƙa 20 zuwa 30: ɗaya ya sa safar dambe, ya ci kwala, ya riƙa duka da rabin ƙarfi, ɗayan ya nemi ya kuɓuta ya kai bakin ƙofa. Kuɓuta ce nasara, ba kayarwa ba, kuma wannan ma'aunin daidai yake. A waɗannan daƙiƙun ake ganin gaskiya: doguwar tsayuwa ta gajarce, motsi ya ƙanƙance, dabarar farko sau da yawa ta ƙi ci. Sannan ɗalibi ke gane dalilin da kata ke bin motsi da wani motsi, na biyun amsa ce ga kuɓucewar na farko. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗan damben gargajiya, wanda ya saba miƙa hannun gaba yana tokare abokin karawa yana auna nisa da shi, ɗayan na baya naɗe da kara, ya riga ya san amfanin hannun da ba ya duka, ya kuma saba shan naushi bai rufe ido ba. Da ajin zai riƙa gayyato irinsu da 'yan kokawa ko sau ɗaya a wata, da ɗalibai sun tashi daga gwada fasaharsu a kan masu motsi irin nasu.

Ɗakin bai wuce mita 10 da 8 ba, daɓen siminti ne, tabarmar roba mai haɗe-haɗe kuma 24 ce kacal, mita ɗaya-ɗaya, kaurin santimita 2. Wannan kaurin na filin kumite ne, inda ba a cika faɗuwa ba. Kayarwa na son santimita 4 ko fiye, irin na 'yan judo. Mutum biyu masu kayarwa na buƙatar wajen mita 3 da 3, ke nan tabarmar ba ta ɗaukar fiye da mutum huɗu a lokaci guda, ajin kuwa yakan kai 18. Abin da ke faruwa shi ne ana tsayar da kayarwa a rabi, a ɗaga a ajiye, ɗalibi bai taɓa jin yadda ake ƙarasawa ba. Ba a kuma koyar da faɗuwa yadda ya kamata, wato manna haɓa a ƙirji, zagaya baya, buga ƙasa da tafin hannu. Wanda bai iya ba yakan tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, nan wuyan hannu ke karyewa, ko ƙeya ta bugi siminti. Duk wanda ya bugu a kai ya ji jiri ko amai ko ciwon kai mai ƙaruwa, asibiti ya kamata ya nufa a ranar. Da hunturu ƙura na sa robar santsi, ya kamata a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma kafin a fara. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, rufin kwano ne a sama, hutun shan ruwa ɗaya bai isa ba.

Matashin duka, irin wanda aboki ke sawa a hannu, biyu ne kawai ga dukan ajin. Wannan gibi ne babba. Riƙo da kusurwa suna kai ka wurin duka ne, in dukan ba nauyi an yi aikin banza. Gwiwar hannun Tekki da sangalin age uke na buƙatar a buga su ɗaruruwa a kan abu mai tauri-tauri kafin su zama makami. Abin da aka yi daidai shi ne ana hana kai dunƙule a ƙoƙon kai, don ƙashin bayan ƙaramin yatsa ne ke fara karyewa. Gindin tafi ake koyarwa ga kai, dunƙule ga jiki.

Sashen da ba mu yarda da shi ba shi ne na wuƙa, wanda ake yi sau ɗaya a wata da ta katako. Ana ɗaukar juji uke na Heian Yondan da Godan, gicciya hannu biyu ƙasa, a ce tare suka ne. Hannunka biyu sun tafi ƙasa, fuska a buɗe, shi kuwa ɗaya ya yi amfani da shi. Yana janye wuƙar ta bi ta kan wuyan hannunka biyu. Mai suka na gaske ma ba sau ɗaya yake kawowa ba, da hagu yake riƙe ka, dama na shiga da fita gajere-gajere. Ajin da ya ƙi yarda da miƙaƙƙen naushi ɗaya daga nesa, ga shi ya yarda da shi don an sa katako a hannun. Gwajin mai sauƙi ne: a ba aboki alkalamin rubutu a allo, a sa farar singileti, a ce ya yi da gaske na daƙiƙa 10, sannan a ƙirga zane. A garin da ake kukan ƙwacen waya, koya ma saurayi cewa zai iya tare wuƙa da hannu haɗari ne ga ransa. A miƙa wayar, a ja baya, a gudu. Juji uke na da aikin da ya dace da shi, danne hannun da ke neman shiga aljihu ko shaƙa da kwala biyu, a bar shi nan. Ya kamata kuma a riƙa tuna ma ɗalibai cewa dokar Final Kod ta ba mutum haƙƙin kare kansa, amma ba ta yarda ya yi ɓarnar da ta wuce buƙata ba. Taka wanda ya riga ya faɗi ya fita daga kare kai.

Ta fuskar tarbiyya babu abin da zai sa uba ya hana ɗansa. Ba a durƙusawa a kai goshi ƙasa yadda ake yi a Japan, sallama ake yi da musabaha. Ana tashi kafin kiran Magariba, da azumi kuma a koma bayan tarawi. Mata na da nasu zaman Asabar da safe, wata mai ruwan ƙasan bel ke jan su, kuma an fi ba da ƙarfi kan riƙon wuyan hannu da fizgar hijabi. Yaran da ba su kai shekara 14 ba, ba a koya masu murɗa wuya ko shaƙa.

Wanda burinsa gasa ne, wannan ajin ba nasa ba ne. Bunkai ɗin da tawagar mutum uku ke nunawa a zagayen lambar yabo na gasar duniya shiri ne na burgewa, da tsalle da faɗuwar da aka tsara, kuma katar da ta ba Ryo Kiyuna na Okinawa zinare a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 da wani ma'auni aka auna ta. Sabon shiga ma ya fara samun Heian uku na farko a wani kulob ɗin, don nan ba a koyar da jeren motsi daga tushe. Wanda zai fi amfana shi ne mai koren bel zuwa sama, musamman malaman da ke koyar da yara a makarantu, waɗanda ake tambaya amfanin motsi su rasa ta cewa. Kuɗin wata ake biya, kuma ana barin baƙo ya kalli zama ɗaya kafin ya yanke shawara. Mai zuwa ya taho da robar kare haƙora, wadda ake tsomawa a ruwan zafi wajen daƙiƙa 30 a cije ta ta ɗauki siffar baki, da ruwa lita ɗaya da rabi, da tsohon kaftanin da ba ya jin ciwon yagewarsa. A yanke farce, a cire zobe da agogo. Mai tsohon ciwon wuya ko gocewar kafaɗa ya gaya ma Masta tun kafin a haɗa shi da kowa, kuma har sai an ƙara tabarma, kada ya yarda a ƙarasa kayarwa da shi a kan siminti.